Masarar da Aka Kawo Ranar Juma'a

A ƙauyenmu, can bayan Gude a ƙasar Kabo, da an gama yankan dawa sai hankalin kowa ya koma kan wuta. Ciyawa ta bushe, kara a jibge ko'ina, dammuna a tare bayan gidaje ba a kai ga zuba su a rumbu ba. Samari masu farautar gafiya su cinna wa daji wuta don ta fito daga rami, su kama abarsu su yi gaba, wutar kuwa ba wanda ya ce mata ta tsaya. Ni da ba fita nake ba, daga tsakar gida nake sanin inda ta kai. In ƙararta tana tas-tas kamar ana suyar gyaɗa, ciyawa take ci, da sauran nisa. In ta koma gurnani, to ta sami kara, sai a fara tattara yara.

A irin wannan lokacin ne wasu baƙi suke zuwa mana. A ƙetaren rafinmu akwai wata 'yar unguwa, Hausawa ne kamarmu, iyayensu Maguzawa, su kuma suka shiga addinin Kirista tun kafin a kawo ni garin. Suna da ɗan cocinsu na jar ƙasa. Wurinsu baƙin suke sauka kowace kaka, maza da mata daga birni da kudancin Kaduna, wasu malaman makaranta, wasu ma'aikatan asibiti da suka ɗauki hutu. Ba biyansu ake ba. Sun zaɓi lokacin ne saboda hanya ta bushe, mota tana iya shiga. Su yi wa mutanensu wa'azi, su koya wa yara karatu, su duba marasa lafiya. Kashe wuta ba ya cikin abin da ya kawo su, amma duk wanda ya zauna da mu a watannin nan sai ya koya. In aka yi kururuwa, za ka gan su sun ƙetaro rafi a guje da ɗanyen reshen darbejiya, suna dukan wuta kafaɗa da kafaɗa da mazanmu.

Zuwansu na farko ya faɗo zamanin tsuke bakin aljihu, wanda muke ce wa ostariti. Sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙasan adaka, takin zamani sai labari, in ka je asibiti a Gwarzo a duba ka, a ce maganin kai za ka nemo. A shekarar ne 'yata ta fari, tana tatata, ta taka tokar kara da aka zaci ta huce. Inna, uwar mijina, ta fasa ɗanyen ƙwai ta shafa mata, aka ɗaure da tsumma. Ƙafa ta kumbura ta fara wari. Malam, maigidana, da kansa ya ƙetare rafi ya ce a taimaka masa da mace mai magani, don namiji ba zai shigar masa gida ba.

Sai ga wata gajeriyar mata, kakkaura, da ɗankwali ɗaure kamar za ta yi dambe. Kowa Sista yake ce mata. Ta kwance tsumman, ta dubi ƙafar, ta dubi Inna.

"Mama, wa ya soya ƙwai a ƙafar yarinya?"

Inna ta ce, "Ni ce. Da shi na raini ubanta."

"To Allah ya tsare ubanta. Yau a ba ni ƙwan in ci, ƙafar kuma a bar mini."

Inna ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata. Sista ta riƙa zuwa tana wanke ciwon har ya warke, bayan ya warke kuma ba ta daina zuwa ba. Duk shekara, da sun sauka, kafin ta kwance kayanta sai na ji sallamarta a zaure, da Hausarta mai ce wa mace "kai" in magana ta yi zafi. Ta baje a tabarmata, ta ce, "Ƙanwata, ina ɗanwakena?" Ta ci da yaji har hawaye, tana ba ni labarin birni, ni kuma ina ba ta labarin duk wanda ya haihu da wanda ya rasu da wadda ta yi yaji tun bara. Ni mai surutu ce, na kuwa sami mai saurare.

Maganar addini ma mukan taɓa. Nakan ce, "Sista, mace mai kirki kamarki, me zai hana ki yi alwala mu yi sallar nan tare?" Ta ce, "Kai, ƙanwata, ni ma kullum sunanki yana cikin addu'ata, ke ce dai kunnenki da tauri." Mu yi dariya. In la'asar ta yi, ita ce ma take jawo mini buta. Ba ta taɓa shigo mini da littafinsu gida ba, ni ma ban taɓa fasa yi mata fatan shiriya ba. Haka muka yi shekaru, har yarinyar da ta taka toka ta isa aure.

Malam ba mai dukiya ba ne. Abin da yake taƙama da shi shanun huɗarsa biyu. Da su yake nome gonarmu ta bakin fadama, wadda fartanya ba ta iya mata, da su yake yi wa mutane huɗa a ba shi hatsi, da rani kuma su ja amalanke. In sun tsufa ya yi musu kiwo su yi ƙiba, ya sayar ya kawo matasa, saboda haka turkensu bai taɓa zama babu kowa ba. Na wancan lokacin, ɗaya fari ne, ɗaya ja mai karyayyen ƙaho. Kafin ya tambayi ko yara sun karya, sai ya tambayi ko an ba su dusa da kanwa. Nakan ce masa, "Malam, da ni saniya ce da na ji daɗin aure." Ya ce, "Da ba ki kai haka surutu ba."

Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ta zo. Ba zan ɓoye ba, na yi murna har da kuka. Mun gaji da zalunci da tsada, muna ganin ga gyara ya zo. Mazanmu suka cika motoci zuwa birni, suka dawo muryoyi a dishe. Amma tare da murnar sai wata irin magana ta shigo gari. Rediyo kullum labarin tashin hankali a wasu garuruwa. Aka fara cewa masu mishan da shinkafa da atamfa suke sayen talakawa, wai a wani ƙauye wajen Lakwaya an ba wani magidanci buhu ya bar salla. Ba wanda ya san sunan magidancin, amma kowa ya ji. Baƙin sun zo a kakar nan, sai dai ba su kai yawan da ba, kuma ba sa yawo cikin gari kamar yadda suka saba. Sista kam ta zo gidana, ta ci ɗanwakenta.

A kakar ce wata rana wuta ta zo mana bayan azahar. Na ji ta tun tana tas-tas ta wajen fadama, na ce da sauran nisa, sai iska ta juya. Kafin in saɓa goyo ta koma gurnani. Ta kama dangar bayan gida, ta haye dammunan dawar da aka tara, ta lashe harawar shanu, ta faɗa rumbu. Malam bai bi ta kan komai ba sai da ya kwance shanun ya kora su gabas. Mutanen gari suka zo, na ƙetaren rafi suka zo da baƙinsu, aka tare ta kafin ta shiga ɗakuna. Wani saurayi cikin baƙin har gashin girarsa ya ƙone. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma abincin shekara ya tafi. Ƙamshin dawar da ta gasu ya daɗe a gidan, kaji suna ta tono cikin toka.

Kowa ya san abin da ya rage. In ba a sami hatsin da zai kai mu sabon gero ba, shanun ne za su tafi kasuwa.

To mu akwai yadda muke yi wa wanda gobara ta ci. Ranar farko ba a hura wuta a gidansa, maƙwabta ke aiko da tuwo. Daga nan sai hatsi ya fara shigowa, amma ba ta hannun maza ba, kuma ba a kiransa da sunansa. Mace ta shigo da ƙwaryar dawa a ƙarƙashin mayafi, ta yi jaje, in za ta tashi ta tura ta bayan ƙofa ta ce, "Ga ɗan tsaba a watsa wa kaji." Ko ka tashi da safe ka tarar da dami jingine a danga, ba wanda ya ce shi ya ajiye. Maigida ba ya godiya, don a wurinsa ba a ba shi komai ba. Matar gida ce take riƙewa a ranta, wace ta kawo, wane ya jingine, domin ranar da tasu ta same su. Matan ƙetaren rafi ma haka suke yi mana, mu ma haka muke yi musu, tun zamanin su Inna. A gobarar nan ma sun kawo, an karɓa. Sai dai daminar ba ta yi kyau ba, kowa da kaɗan ya tsira. Abin da ya taru, na auna da ido, ko bazara ba zai kai mu ba.

Sista ta zo jaje. Ta leƙa rumbun, ta daɗe tana kallo.

"Ƙanwata, me kuke bukata?"

Na ce, "Ba komai, Sista. Mun gode Allah."

"Shanun fa?"

"Suna nan dai tukuna."

Ta gyaɗa kai, ta yi sallama ta tafi. Aka kwana biyu ban ji ɗuriyarta ba, aka ce ta tafi birni. Ashe coci-coci ta bi tana ba da labarinmu. Ita duk shekarun nan a tsakar gida ta san mu. Ta ga ƙwarya tana shiga tana fita, ba ta taɓa sanin abin da ake faɗa in an ajiye ta ba.

Ranar Juma'a ce. Ina tankaɗe na ji mota, na ji waƙa. Su haka suke, in suna tafiya a mota sai sun yi waƙarsu da tafi, ba da wata manufa ba. Motar a-kori-kura ta tsaya daidai ƙofar gidanmu. Na lallaɓa zaure na leƙa ta tsagin ƙyaure. Buhuna ne a jere har sama, da bandir ɗin kwanon rufi a ɗaure. Ga fastonsu da farar riga, ga wani da na'urar ɗaukar hoto a wuya, don waɗanda suka ba da kayan a birni suna so su ga ya isa hannu. Abin da na hango a motar nan zai kai mu kaka har a yi saura. Murna ta kama ni, sai kuma na ji hayaniyar maza. An sauko daga masallaci, kuma hanyar masallaci ta ƙofar gidanmu ta bi.

Malam yana tafe tare da liman da dattawa, jama'a a bayansu. Suka tsaya. Waƙa ta tsaya. Fasto ya gaishe su da ladabi, gaisuwa mai kyau, har da tambayar iyali da gajiya. Sannan ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce 'yan'uwa a birni sun ji abin da ya sami wannan bawan Allah, sun aiko da wannan saboda ƙauna, ba sa neman komai. Ya ce Malam ya matso kusa da buhunan a ɗauki hoto.

Malam bai matsa ba, bai kuma ja baya ba. Na san tsayuwarsa. Tunani yake, yana neman yadda zai karɓa. Liman ma ya yi gyaran murya, ina jin cewa zai yi taimakon maƙwabci ba laifi ba ne.

Sai taubashin Malam ya rigaye shi. Ɗan kawunsa ne, abokin wasansa tun suna yara, mutumin da ko a gidan makoki sai ya tsokane shi. Ya leƙo daga bayan mutane ya ce, "A'a, ɗan gwaggo! Ashe kai ma ka yi kasuwa? To in ka tashi zuwa ranar Lahadi ka bar mini carbinka, nawa ya tsinke."

A wata shekarar da an kwashe da dariya, Malam ya rama da abin da ya fi wannan, a sauke kaya. Wasan taubasai ne, an yi wanda ya fi shi zafi. Amma ranar ba wanda ya yi dariya. Har ina jin injin motar yana huci. Wani daga baya ya ce, "Allah ya kyauta." Wani ya amsa, "Amin." Shi kansa taubashin na ga murmushinsa ya bushe a fuska.

Malam ya ce, a hankali, "Fasto, mun gode. Allah ya saka. Amma gidan nan ba a rasa abinci ba. A kai wa mabukata."

Fasto ya fara cewa, "Malam, ai ba wani..."

"Na ce mun gode."

Ya shigo zaure ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya tafi wajen shanunsa ya tsaya.

Sista ta biyo baya, ɗankwali a karkace. Ta kama hannuna ta ja ni ɗaki.

"Ƙanwata, me muka yi? Faɗa mini, me muka yi?"

Na ce, "Sista, da kin kawo a ƙwarya. Ki ce na kaji ne."

"Wane kaji? Buhunan nan duka a ƙwarya? Kai, wane irin mutane ne ku? Yara za su kwana da yunwa saboda ƙwarya?"

"Da kaɗan-kaɗan, ta hannun mata. Da ba wanda ya gani."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ke me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Muka zauna bakin gado muna kuka, ita tana faɗa ni ina faɗa. Da ta share ido ta ce to ba komai, za a kai kayan ƙetaren rafi, mata su riƙa kawowa yadda na ce. Na ce ta buɗe mini bakin zaninta in ga irin hatsin, don na ga ta ƙullo kaɗan ta nuna mini. Masara ce, ja, irin wadda ba a nomawa a wajenmu. Na ce, "Sista, injin niƙa ɗaya ne a garin nan. Ranar da aka kai jar masara daga gidan nan, kafin niƙan ya dawo labari ya riga shi."

Ba ta haƙura ba. Ta sa aka musanya masarar da dawa a unguwar ƙetaren rafi. Bayan 'yan kwanaki wata dattijuwa daga can, wadda muka daɗe muna irin wannan da ita, ta shigo da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, ta yi gaisuwa, ta tura bayan ƙofa ta ce a watsa wa kaji. Malam yana tsakar gida yana gyaran igiya. Bai taɓa sa baki a sha'anin ƙwaryar mata ba, amma ranar ya ce, "Baba, kajinmu sun ƙoshi. Ɗauki abinki." Matar ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ɗauka ta fita. Daga ranar ƙwarya ba ta sake ƙetare rafin nan ba, ko daga can ko daga nan.

Na yi masa magana, ba sau ɗaya ba. Na ce liman da kansa ya aiko cewa ba haramun ba ne. Na ce taubashinsa ya zo har zaure ya rantse wasa yake, ya kawo dami biyu a kan kekensa. Malam ya ce ya sani. Ya ce, "Ke ba kya zama a ƙofar masallaci. Duk lomar da yaran nan suka kai baki, akwai mai cewa ya san inda ta fito." Inna, da tsufa ya kwantar da ita a lokacin, ta kira shi ta ce, "Kai dai taurin kan ubanka ka ɗauko." Ya ce, "To, Inna." Bai sauya ba.

Baƙin suka tafi bayan Kirsimeti. Sista ta zo sallama, ta tsaya a zaure ba ta shigo ba, wai kada ta ƙara jawo mana magana. Na ce ko ɗanwake ta tsaya in yi mata. Ta ce sai baɗi. Baɗi ba su zo ba, aka ce shugabanninsu sun ga wajenmu ba lafiya. Ban sake ganinta ba. Ban san garinsu ba, ban ma san sunanta na yanka ba, shekara da shekaru Sista kawai nake cewa.

Hatsin ya ƙare ana tsakiyar zafi. Ranar kasuwar Gwarzo Malam ya tashi ya ba shanun dusa, ya shafe su da hannu tun daga wuya har gindi, ya kora su. Jan ya yi ta tirjewa a bakin ƙofa. Da yamma aka sauke mana dawa daga motar haya, shi kuma ya shigo da igiyoyin a naɗe a hannu ya rataye su. Mun ci abinci har kaka, ba wanda ya ce komai a kanmu.

Malam ya ce in an yi girbi zai sayi wasu shanun. Girbin da aka yi da fartanya bai kai ba, na bayansa ma haka, kuɗin shanu kuma kullum gaba yake yi. Gonar bakin fadama ta fi ƙarfinsa, ya ba da rabinta aro, daga baya ya bar ta duka. Mutumin da yake yi wa gari huɗa ya koma jiran a gama ta kowa kafin a zo tasa.

Bai taɓa ta da zancen ba, ni ma na koyi yin shiru a kan wannan ɗaya. Sai a ciwonsa na ƙarshe, wata rana da hantsi ina ba shi kunu, muka ji wani yana wucewa da shanu ta bayan danga, yana yi musu tsawa su miƙe. Malam ya saurara har suka yi nisa. Ya ture kofin ya ce, "Matar nan mai magani, ko tana raye?"

Na ce, "Allah kaɗai ya sani, Malam."

Ya lumshe ido, har na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Da ma ranar Alhamis suka zo."